Gonar Jirgi

Yaran garinmu har yau gonar jirgi suke ce mata, kuma yawancinsu ba su san dalili ba. Doguwar gona ce a gabashin gari, hannun hagu in ka nufi Yekuwa, gawo ya yi layi a tsakiyarta. Gonar ubana ce. Ni na sa aka ba da aronta, ni kuma na karɓo ta, kuma wallahi in da za a sake, yadda na yi haka zan ƙara yi.

Na dawo daga soja a ƙarshen zamanin Nasara, an riga an hana aikin dole. A sojan ba bindiga na riƙe ba, makanisiye na yi a filin jiragen sama, hannuna ya san inji ciki da waje. Da na sauka Damagaram aiki biyu suka tare ni. Wani abokina da muka yi soja tare ya zama shofer, yana jan kamiyo, babbar motar kaya, ɗauke da gyaɗa zuwa Kano, ya ce in zo maigidansa na neman mutum, kuɗi mai kauri, ga ɗan abin da ake samu a hanya. Ɗayan aikin kuwa na wani Banasare ne mai ƙananan jirage biyu. Yana kai wasiƙu da kayan gyaran mato da masu sayen gyaɗa garuruwan da ke kudu. Abin da ya ce zai biya ni bai kai rabin na kamiyo ba. Amma ya dafa kafaɗata ya ce in na yi haƙuri zan zauna kujerar da ke damansa, zai koya mini tuƙi, sa'an nan ya tsaya mini in tafi lakwal, makarantar matuƙa, in samo parmi, takardar izinin tuƙi. Lakwal ɗin ba ta karɓar mutum sai wani matuƙi ya tsaya masa.

Abokina ya ce, "Kai, ba ka da hankali. Sama za ka ci?"

Na ce masa ya je ya yi ta haƙa rairayi a ƙarƙashin taya, ni na wuce nan. Ka ji bakin mutumin da aka cika wa ciki da romon baka.

Ban yi wata uku ba Nasaran ya fito da abin da ke ransa. A Magarya akwai filin gwamnati, kowa na sauka. Amma da damina hanyar da ta tashi daga can zuwa wajen Dungas da kasuwannin bakin iyaka yankewa take yi, tafki nan, laka can, mato sai ta kwana a hanya. Shi yana son wurin sauka nasa na kansa a wannan yanki, ta yadda duk mai son isa can da damina sai ya bi ta hannunsa. Ya tambaye ni ko na san wani fili miƙaƙƙe mai ƙasa mai ƙarfi. Ni da bakina na ce ubana yana da shi.

Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni ne ɗan fari. Da na kawo masa Nasaran, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, aka kira mai gari da dattawa, ina fassara. Baba ya saurara har aka gama, sa'an nan ya juyo gare ni.

"Kai wannan, abin da ya ce zai yi maka, ka gaskata?"

Na ce, "Na gaskata, Baba."

Ya ce to ba sayarwa ba, ba jingina ba, aro ne. Mai gari ya faɗi ƙa'idar aron gona kamar yadda kowa ya sani a wajenmu. Wanda ya ari gona ba ya dasa itace a cikinta. Kuma duk kaka yana kawo wa mai gona damin hatsi ɗaya, a gaban mutane, don kowa ya shaida cewa gonar tana da mai ita. Damin nan ba kuɗin haya ba ne, ko tuwon mako ba zai yi ba. Amma shekarar da kaka ta wuce bai zo ba, aro ya mutu, ruwan farko na sauka mai gona ya shiga abinsa. Na fassara wa Nasaran wannan kalma bayan kalma. Ya yi dariya ya ce dami ɗaya kawai? Ya miƙa wa Baba hannu, Baba ya karɓa da hannu biyu.

Gonar nan ita ce cikin gidanmu. A nan wani Bafillace aminin Baba yake sauke shanunsa duk rani, su kwana su bar taki, don haka geronta ya fi na kowa tsayi. Muka tumɓuke kututture, muka cike ramuka, aka kawo shanu suka tattake ta har ta yi tauri. Daga ran nan aka hana dabba shiga. Ƙannena suka koma noma wata jigawa can nesa da ko ciyawa ba ta so.

Aikina kuwa, me ban yi ba? Ni ke duba inji tun da asuba, ni ke tace mai da ƙyalle, ni ke murza farfela da hannu, abin da ke iya cire wa mutum yatsu in ya yi sakaci. Ni ke loda buhuna, ni ke wanke aman fasinja. In mun sauka garinmu ni ke bin filin ƙafa da ƙafa ina cire duk ɗan gawon da ya tsiro, don ƙayarsa tana huda taya. Tsohon takin shanun nan cike yake da irin gawo, ko yaushe sai sun leƙo. A ƙasarmu tun zamanin sarakunan dā ba a sare gawo, itacen albarka ne, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi kyau. Ni ina cire su suna jarirai, tsofaffi na wucewa suna kau da kai.

Kuɗin wata ba ya ganin tsakiyar wata. Gardin da ke gadi, kwance a bakin rumfar jirage yana korar awaki, abin da ke tsakanin kuɗina da nasa ƴan daloli ne. Matata ta zauna da ni a wani ɗan ɗaki a Damagaram har ta gaji da cin bashin mai koko, na mayar da ita gida wajen innata. In na yi maganar ƙari sai Nasaran ya ce ai koyon da nake yi shi ne kuɗi, a Faransi mutane biya suke yi a bar su su zauna inda nake zaune.

Kuma dai ina zama. Wannan ba zan ɓoye ba, don shi ne igiyar da ya ɗaure ni da ita. In mun tashi muka daidaita, sai ya ce in riƙe, shi ya buɗe gwangwanin sardin ya ciro burodi. Sandar tuƙi tana hannuna na dama, jirgi yana jin maganata. In na kwanta da ita kaɗan duniya ta karkata. Daga can nake gane rijiyar Kwaya da layin mata masu tulu, da garken shanu, da gonakin gyaɗa, da rufin gidanmu. Ran da na fara dawo da jirgin tun daga Dungas har aka hango Damagaram ba tare da ya taɓa komai ba, kuka ne kawai ban yi ba. Sauka ce bai taɓa bar mini ba, sauka da tashi. In na ce yaushe, sai ya ce baɗi. Maganar lakwal ma baɗi. Kalmar Hausa ɗaya da ya iya da kyau ke nan, yana faɗinta yana kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

Kakar farko na tuna masa da dami. Ya ce, "Ubanka ne, al'adarku ce, ka ji da shi." Na shiga kasuwa na sayi dami da kuɗin da ya kamata in yi wa matata zane, na ɗora a jaki, na kai ƙofar gidanmu a gaban mai gari na ce ga na Nasara. Kowa ya san daga aljihun da ya fito. Baba ya ce an gani, an gode. Haka na yi kaka bayan kaka, ina sayen geron da gonarmu ta fi ƙarfinsa don in ba ubana a madadin mutumin da ya hana gonar haihuwa. A shekarun nan rumbunmu bai taɓa kai mu damina ba.

Abokina shofer kuwa ya yi aure na biyu, ya sayi keke. Duk haɗuwarmu sai ya ɗaga kai sama ya ce, "Ranka ya daɗe matuƙi, yau ma ba a ba ka fiffiken ba?" Sai in yi dariyar dole in wuce.

Ana nan, wata kaka, sai ga wani saurayi Banasare ya sauka daga Faransi da akwati ɗaya da parmi sabo fil. Aka ce shi ne matuƙi na biyu. Da safe na zo zan hau inda na saba, maigidan ya nuna mini baya, kan buhuna. Saurayin ya zauna a kujerata. Ba mu kai rabin hanya ba iskar rana ta fara jijjiga mu, ya yi amai a cinyarsa, kuma ni na wanke.

Shi yaron ban riƙe shi a zuciya ba sosai. A wani ɗan ɗaki jikin rumfar jirage yake kwana, sardin safe sardin yamma, takalminsa ɗaya. Wata rana muna gyaran taya ya yi ta yi mini kukan talauci. Ya ce bashi ya ci ya yi lakwal, abin da ake biyansa a nan ko mai share titi a garinsu ya fi shi, amma dole ya daure ya tara awoyi a sama kafin manyan kamfanoni su dube shi. Na tambaye shi nawa ne abin da yake rainawa. Da ya faɗa sai da na ajiye ƙarfen da ke hannuna. Kuɗinsa na wata ɗaya ya fi nawa na rabin shekara. Kai! Shi yana da inda za shi bayan daurewar, ni fa?

Da yamma na sami maigidan a biro, wato ofishinsa. Na ce, "Maigida, maganar lakwal."

Bai ma ce baɗi ba ran nan. Ya ɗago ya dube ni kamar na tambaye shi ya ba ni matarsa. Ya ce in yi tunani mana, wane fasinja ne zai biya kuɗinsa ya hau jirgi ya ga baƙin mutum a gaba? Ya ce hannuna na inji ne, hannu mai kyau, in gode wa Allah da shi. Ya ce in koya wa yaron halin injin nan, don yana da wuyar sha'ani da zafi.

Na ce to. Wallahi abin da na ce ke nan, to. Na fito. Da a ce na zage shi, da ya kore ni ya ɗauki wani, ya ci gaba da sauka a gonar ubana. Ban zage shi ba. Na tuna ana cikin kaka, ana ɗaurin dami a kowace gona.

Saukarmu ta gaba a garinmu, mai gari da dattawa suna bakin fili kamar kullum, an hura hayaƙin da ke nuna wa jirgi inda iska take. Na tsaya a gabansu na ce da ƙarfi, da Hausa sa'an nan da Faransanci, "Maigida, kaka ta yi. Damin mai gona." Ya kaɗa hannun nan nasa, yana duba agogo, ya ce in daina damunsa da zancen ciyawa. Na juya na dubi mai gari, mai gari ya dubi ƙasa. Ban je kasuwa ba. Aka gama ɗauri, aka gama kai hatsi rumbu, aka rufe rumbuna, dami bai zo ƙofar gidanmu ba.

Baba ya kira ni bayan sallar la'asar. "Kai wannan, bana ban ga damin baƙonka ba."

Na ce, "Ba zai zo ba, Baba."

Sa'an nan ya ce, "Abin da ya ce zai yi maka fa?"

Na ce babu. Tsohon nan bai ce ai na faɗa maka ba. Ya ɗauki butarsa ya shiga gida, na ji yana ce wa innata ta ware irin gero mai kyau ta ajiye daban.

Duk ranin nan na yi aikina kamar ba komai. Na koya wa yaron inji tsakani da Allah, na nuna masa kada ya taɓa tashi zuwa kudu sai da man da zai kai shi ya dawo da shi, don ban so ran kowa a wuyana. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas na ajiye musu kayan aikinsu. Na ce wa maigidan na bar aiki, kuma ya sani aro ya mutu, gona ta koma hannun mai ita. Ya ce in na gama fushin in dawo, ƙofa a buɗe take. Ko ɗagowa bai yi ba.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba. Na kira gayya, kuma ban taɓa ganin gayya irin wannan a garinmu ba. Har mutanen ƙauyukan da ke kewaye sun zo da garemaninsu, ga makaɗa, innata da maƙwabta sun dama fura a manyan ƙore. Ƙasar ta yi tauri, garma tana tsalle, hannuwa suka yi kanta suka fashe. Dā can kunyoyin gonar nan a tsaye ake yin su, bin tsawonta. Na ce a'a, bana a gicciye za a yi, kuma a ɗaga su sosai. Wani dattijo ya ce, "Yaro, wannan kunya ko kabari?" Aka kwashe da dariya. Baba da kansa ya jefa irin farko.

Gero ya kai idon sawu ran da muka ji ƙarar. Na san ta tun kafin kowa ya ji, na san ma wanne ne cikin jiragen biyu. Ba wanda ya hura hayaƙi. Na ɗauki hauyata na tafi daidai inda tayoyinsa suka saba taɓa ƙasa, na tsaya. Ya zo ƙasa ƙasa, ya wuce, ya kewayo. Na ga fuskar maigidan ta taga, ja wur, bakinsa yana motsi. A bayansa ga wani babban mai sayen gyaɗa da ya daɗe yana lallashi, wanda ya yi wa alkawarin zai sauke shi a bakin iyaka ko ana ruwan ƙanƙara. Ya sake kewayowa har iskarsa ta kwantar da geron. Na ɗaga hauyata sama na gaishe shi da ita. Yara suna bin inuwar jirgin a guje suna ihu. Ya yi ta zagaye kamar shirwa, daga baya ya miƙe ya nufi arewa. Daɗin da na ji ran nan, ban ji irinsa ba ko ranar aurena.

Ya kai ƙara Magarya wajen kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin. Kumandan yana da filinsa na gwamnati, kuma lokacin siyasa ta shigo, ba ya son rigimar gona. Ya tura maganar wajen sarki, sarki ya kira mai gari, mai gari ya ce an faɗa masa ƙa'ida a gaban mutane, an tuna masa a gaban mutane, dami bai zo ba. Magana ta ƙare a nan. Ya nemi wani filin a garuruwan kusa, amma labarin dami ya riga shi zuwa, kowa ya ce gonarsa tana da amfani.

Sai ga shi da kansa, gero ya fara fitar da kai. A mato ya zo, ta kafe a laka can bayan gari, ya ƙaraso a ƙafa, wandonsa jage jage har gwiwa. Mutum biyu suna biye da shi da buhunan gero, ba ma dami ba, buhu buhu. Aka shimfiɗa tabarmar nan a ƙofar gida. Ya ce an yi rashin fahimta. Ya ce zai biya hatsin da aka shuka, zai ninka mini kuɗin wata, maganar lakwal ma za a duba. Da ya ambaci lakwal sai da kwaɗayin ya dawo mini, ba zan yi ƙarya ba. Hannuna na dama ya dunƙule da kansa a kan gwiwata.

Baba ya ce, "Ka gaya wa baƙo ni na tsufa. Gonar tana hannun wannan, shi za a tambaya."

Nasaran ya juyo gare ni. Shekara da shekaru ina tsaye yana zaune, yau ga shi a tabarmar ubana yana jiran bakina. Ya ce yaushe zai iya sake sauka?

Na bar shi ya jira. Na sa aka kawo masa ruwa ya sha. Sa'an nan na kaɗa hannu yadda yake yi, na ce, "Baɗi."

Mai gari ya rufe baki da hannun riga. Wani can baya ya kasa daurewa ya fashe. Nasaran ya gane, ai kalmarsa ce. Ya tashi ya kama hanya, na sa aka bi shi da buhunansa har mato.

Da aka yi girbi aminin Baba ya dawo da shanunsa suka kwana a gonar duk rani. Damina ta zagayo, ƴaƴan gawo suka tsiro, ban taɓa ko ɗaya ba, har kewaye su na yi da ƙaya don awaki. Nasaran ya aiko saurayin nan sau ɗaya ya sake tambaya. Na zaga da shi cikin gonar, na nuna masa su sun kai gwiwa, na ba shi amsar da zai kai, irin ta bara. Daga baya na ji yaron ya sami babban kamfani ya tafi, maigidan kuma ya sayar da jiragen.

Ni na koma wajen abokina, na ja kamiyo har idona ya raunana. Na ci, na ciyar, na aurar da ƴaƴa. Ban sake shiga jirgi ba, ko na Makka ban samu ba. Har yau in na ji ƙara a sama hannun nan sai ya dunƙule, jikokina suna yi mini dariya, kuma duk ran da ya dunƙule sai na sake tsine wa mutumin nan. Malamai sun ce in yafe, na ce su bari sai na ji zan iya.

Gawon sun zama manya, mutum biyu ba sa rungume wasunsu. Na gaya wa ƴaƴana duk wanda ya sa gatari a jikin ɗaya ban yafe masa ba. Mafi girmansu yana daidai inda tayoyin jirgin ke taɓa ƙasa, kuma a gindinsa nake ɗaure jakina.